Idan ba ka iya ba da aronsa, anya naka ne?

Ana saura kwana 3 Babbar Sallah ɗan ƙanwata ya zo gidana da 'yar baƙar leda a hannu. Shekararsa 14. Mahaifinsa ya samo masa na'urar gem ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai bayan an ci moriyarsu a can, kuma ya ji labarin ina da gem ɗin ƙwallon da yake mafarkin bugawa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya zauna a bakin kujera, ya yi ta murza ledar nan kafin ya iya buɗe baki. "Kawu, don Allah ka ara mini faifan ƙwallonka, bayan Sallah zan dawo maka da shi. Wallahi ba zan bari ya karce ba." Ashe ledar ta saka faifan ce.

Na ce masa babu faifai, gem ɗin a cikin na'ura yake, ta intanet na biya na sauke. Ya ce to in tura masa. Na ce ba ya turuwa. Ya yi shiru yana kallon na'urar, can ya ɗago ya yi mini tambayar da har yau take cina a rai: "To Kawu, ba kai ka saya ba?"

Ni na saya, da kuɗina, kuma ba kaɗan ba. Amma yaron nan ya taɓo ainihin wurin. A gidanmu duk abin da ka saya kana iya ba da aronsa, ka sayar idan ka matsu, ka yi kyauta da shi, ka mutu a raba shi gado. Abin da ba ka iya yi masa ko ɗaya daga cikin waɗannan, da wane suna za ka kira shi naka?

A Zariya na taso, a zamanin da kusan kowace unguwa ke da gidan gem. Namu wani ɗan shago ne mai rufin kwano, da benci 2, da talabijin 3 masu ƙatuwar ƙeya, da labule a ƙofa don kada hasken rana ya kashe hoto. Kafin PlayStation ta iso mana, abin da muka sani shi ne 'yar na'urar nan mai kaset ruwan ɗorawa, wanda za a rubuta masa gem ɗaruruwa a jiki, alhali ƙwaya 10 ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Hoto ya hargitse, sai a zare kaset, a hura masa iska da baki, a mayar, kowa ya zuba ido. Daga baya Sega ta shigo, sannan PlayStation ta farko, wadda idan ta gaji ta ƙi karanta faifai mai shago zai kifa ta a kan bayanta, sai ka ga ta ɗauka. Amma wadda ta riƙe mu da gaske ita ce PlayStation 2, da ta fito a 2000, wadda aka sayar da fiye da miliyan 160 nata, babu wata na'urar gem da ta kama ƙafarta a lokacinta. A kanta muka ƙare ƙuruciyarmu da Winning Eleven na kamfanin Konami. Mai sharhin wasan da Japananci yake ihu, mu kuma muna kwaikwayonsa a hanyar makaranta ba tare da mun san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Kowa ya san dabarar ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudunsa da ƙarfin ƙafarsa, har sai da aka kafa doka a shagonmu cewa wanda ya yi haka ba a ƙirga cinsa. Wanda ya fara Master League kuwa, wato gasar da kake gina ƙungiyarka a cikin gem ɗin, da Castolo da Minanda zai fara, 'yan wasan da babu su a duniya, amma mun san su kamar 'yan unguwarmu. Duk wahalar da ka sha ta wata da watanni tana cikin ɗan katin ajiya mai megabait 8, wanda ake ɗaure shi a leda a cusa a aljihun ciki. Dokar wasa ɗaya ce: wanda aka ci shi zai biya, ya miƙa hannu ga na bayansa. Idan an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, a nan ake gardamar da ba ta ƙarewa kan wa zai ci da an ci gaba.

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma na yarda da rabin maganar. Wani ɓangare na begen da muke yi ba na faifai ba ne, na shekara 12 ne, na abokan da yanzu kowa ya kama gabansa, na zamanin da babbar damuwarka ita ce naira 20 ta wasa biyu. Faifan kansa ya sha ba mu wahala. Yana karcewa, a huci bayansa a goge da gefen riga, a shafa masa man goge baki, wani lokaci ya tsaya cak ana shirin buga fanareti. Akwai kuma gaskiyar da ya kamata mu faɗa: yawancin faya-fayan da muka buga kwafi ne, a na'urorin da aka yi wa dabara don su karɓe su. Faifan PlayStation ta farko na asali bayansa baƙi ne wuluk, amma da yawanmu sai da muka girma muka fara ganin irinsa. Saboda haka ba na cikin masu cewa komai na da zuma ne.

Abin da nake karewa wani abu ne daban. Faifai kaya ne, kuma kaya yana tafiya.

Ka bi rayuwar faifai guda ɗaya na asali. Wani ya saye shi sabo fil a Landan a kan cikakken farashi, ya buga wata 3 ya gaji, ya kai shagon da ke sayen na hannu ya karɓi ɗan abin da ya samu. Wani ya saya a rabin kuɗi. Bayan shekara 2 faifan ya faɗa cikin kwali, kwalin ya shiga kwantena, kwantenar ta sauka a Legas ko Kwatano, daga nan zuwa Kano, zuwa wani ɗan teburi a kasuwa inda yaro ɗan sakandare zai iya tara kuɗin tara ya saya. Shi ma ya gama ya yi musaya da abokinsa. A kowane hannu farashi yana sauka, har ya iso inda talaka zai iya miƙa hannu. Ta wannan hanyar muke samun mota, da waya, da kwamfuta, da rigar sanyi, da littattafan karatun likitanci. Gwanjo ba abin kunya ba ne, shi ne gadar da ke tsakanin aljihunmu da kayan da aka yi wa farashi don aljihun wasu. Gem ɗin da aka ɗaure a asusun mutum ɗaya ba ya hawa wannan gadar. Inda aka saye shi a nan yake mutuwa. Babu na hannu, babu musaya, babu ciniki, farashin da kamfani ya rubuta shi ne farashi, sai ranar da ya ga damar yin rangwame.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Babban gem sabo yanzu dala 70 ne, wanda a canjin 2025 ya haura naira dubu 100. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya, tun daga 2024, naira dubu 70 ne. Ke nan gem ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Idan aka toshe kasuwar na hannu, an rufe wa yara irin ɗan ƙanwata ƙofar halal ɗin da ta rage musu, an bar musu ta kwafi kawai, sannan a dawo ana zargin su da sata.

Ko mai kuɗin ma bai tsira ba. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da kantin PlayStation na intanet ke aiki a hukumance. Abin da 'yan gem ɗinmu ke yi sanannen abu ne: a buɗe asusu a ce ana zaune a Amurka ko Ingila, a lalubo wani adireshi a saka, a sayi katin kuɗi a hannun dillalai a loda. Duk gem ɗin da ka tara a kan wannan asusun gini ne a filin da ba ka da takardarsa. A watan Mayun 2024 duniya ta ga yadda wannan ke iya fashewa, lokacin da Sony, kamfanin da ke yin PlayStation, ya ce dole masu buga gem ɗin Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa da asusun PlayStation, aka kuma janye gem ɗin daga Steam, kantin gem ɗin kwamfuta na intanet, a ƙasashe fiye da 170 da ba su da wannan hidimar. Sai da jama'a suka yi ca kafin kamfanin ya janye sharaɗin. Ga kuma batun data da wuta. Gem na zamani yana iya haura gigabait 100. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Mutumin da ke Tokyo zai danna ya shiga wanka ya fito ya tarar gem ya sauka. Namu zai kwana yana gadin janareta, yana addu'a kada netwok ya yanke a kashi 90.

Wani zai ce ai wannan matsalarmu ce ta talauci da rashin tsari, su can lafiya lau suke. Labarin The Crew ya isa amsa. Gem ne na tseren mota da kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a Disambar 2014, wanda ba ya tashi sai ya gaisa da manyan kwamfutocin kamfanin ta intanet, ko da kai kaɗai za ka buga. A Disambar 2023 aka daina sayar da shi, a ƙarshen Maris 2024 aka kashe kwamfutocin, gem ya mutu a hannun kowa. Bayan haka masu shi a kwamfuta suka tarar an cire musu izinin ma daga asusunsu. Da wasu suka kai ƙara a Kalifoniya, hujjar kamfanin ita ce tun farko ba gem suka saya ba, taƙaitaccen lasisin amfani suka biya. Wannan ne ya sa wani mai shirye-shirye a YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe gem, kuma a 2025 takardar kokensu ga Hukumar Tarayyar Turai ta tara sa hannu fiye da miliyan 1. Buƙatarsu ba ta wuce hankali ba. Ba su ce kamfani ya riƙe kwamfutocinsa har abada ba, cewa suka yi idan zai tafi ya bar gem ɗin a halin da wanda ya biya zai iya ci gaba da bugawa.

Kalmar lasisi ɗin nan ita ce zuciyar maganar. Mu da muka zauna a zaure gaban malamai mun san babin ciniki daban, babin haya daban. A ciniki kaya ya fita daga mulkin mai sayarwa ya shiga naka. A haya amfani kawai ka saya, zuwa wani lokaci sananne, kayan na mai shi ne. Kowanne halal ne a wurinsa, kuma ba ni da faɗa da haya. Tsarin biyan kuɗin wata irin Game Pass ya fito fili ya ce shi haya ne, ka biya ka buga, ka daina biya a rufe, babu wanda aka yaudara. Abin da ba na yarda da shi shi ne a rubuta "saya" da manyan baƙaƙe a kan maɓalli, a karɓi kuɗin saye, sannan a ɓoye a shafi na 30 na sharuɗɗan da babu mai karantawa cewa haya ce, hayar ma da ba a faɗi ranar ƙarewarta ba, mai kaya ne zai yanke duk ranar da ya so. Ko a kasuwar ƙauye dillalin da ya yi haka ba zai sake samun mai ba shi amana ba. Jihar Kalifoniya ta ga haka ta yi doka a Satumbar 2024, wadda ta fara aiki a farkon 2025, cewa ba za a yi amfani da kalmar saye a kayan intanet ba sai an bayyana wa mai biya ƙarara cewa lasisi yake karɓa. Tun kafin dokar ta fara aiki Steam ya liƙa wannan sanarwar a wurin biyan kuɗi. Shi dai wannan Steam ɗin sharuɗɗansa sun hana mayar da asusu ga wani, kuma a 2024 masu kula da abokan cinikinsa suka tabbatar wa wani mai tambaya cewa ko ta wasiyya ba a yi. Mutum ya tara gem na dubban daloli a shekara 20, ya rasu, 'ya'yansa ba su da haƙƙin ko guda. Kayan aro ba ya rufe katara, ballantana a raba shi gado.

Na san akwai 'yan hanyoyin raba gem tsakanin iyali, kamar tsarin Nintendo na 2025 da ke bari ka ara wa ɗan gidanku na mako 2. Alheri ne, amma alherin mai gida ne ga ɗan haya. Shi ya gindaya kwanakin, shi ya faɗi wa ya cancanta, gobe yana iya sauyawa.

Abin da ke ƙara ba ni haushi shi ne mun taɓa cin wannan yaƙin. A 2013 Microsoft ya sanar cewa na'urarsa ta gem Xbox One za ta riƙa neman intanet duk sa'a 24, kuma za a taƙaita yadda ake ba da aron faifai da sayar da shi. Jama'a suka tayar da ƙayar baya. Sony ya saki wani gajeren bidiyo na koyar da yadda ake ba aboki aron gem a PlayStation 4: babban jami'insu Shuhei Yoshida ya miƙa wa abokin aikinsa kwalin faifai, ya karɓa ya yi godiya, shi ke nan. Cikin kwanaki Microsoft ya janye. To abin da ya gagara da ƙarfi, sai aka bi shi da lallami. A 2020 PlayStation 5 ta fito kashi biyu, mai cin faifai dala 499, marar ci dala 399. Xbox Series S ba ta da wurin faifai kwata-kwata. A 2024 PlayStation 5 Pro ta zo a kan dala 699 babu wurin faifai, sai ka sake biya ka sayo shi daban. Babu wanda ya hana ka faifai, an dai mayar da shi kayan masu hali.

Shi kansa faifan an fara ƙwaƙule masa ciki. A 2022 waɗanda suka sayi Call of Duty: Modern Warfare II suka tarar abin da ke kan faifan bai wuce megabait 72 ba, sauran gigabait masu ɗimbin yawa sai an sauke. Da na'urar Switch 2 ta Nintendo ta fito a Yunin 2025 ta zo da wani irin kati wanda babu gem a cikinsa, makulli ne kawai na zuwa a sauke. Ana iya ara shi, ana iya sayar da shi, wannan ya fi babu, amma ranar da aka rufe wurin saukewar ya zama roba. Masu faifan The Crew ma suna nan da kwalayensu a kan kanta, ba su da amfani. Shi ya sa nake ce wa abokaina masu tara faya-fayai kada su ɗauka riƙe kwali ya wadatar. Tambayar da za a yi wa kowane gem ita ce: idan na zare intanet, kamfanin kuma ya rufe gobe, zai tashi?

Ba zan tauye wa saukewa ta intanet haƙƙinta ba. Ba don ita ba, da ƙaramin kamfani irin Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru bai kai gem ɗinsa Aurion kasuwar duniya a 2016 ba, domin buga faifai da rarraba shi a kantunan Turai ba aikin mai ƙaramin jari ba ne. Yawancin yaranmu ma a waya suka san gem, ba su taɓa riƙe kaset ba. Kuma akwai kantin GOG na ƙasar Poland, da ke sayar da gem ta intanet ba tare da kwaɗo ba: ka sauke, ka adana a rumbunka, ka girka ko babu intanet. Wannan ya nuna cewa matsalar ba a wayar intanet take ba, zaɓi ne kamfanoni suka yi.

Saura batun da ya fi aljihu girma. A 2023 gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar da binciken da ya nuna kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa yanzu. A Maris na shekarar Nintendo ya rufe kantunan 3DS da Wii U, a Yulin 2024 aka rufe na Xbox 360, kuma duk gem ɗin da a can kaɗai ake sayar da shi ya fita daga hannun mai son saye. Mu Hausawa bai kamata a yi mana dogon bayani a nan ba. Wanda ya san yadda kasuwar Ƙofar Wambai take cike da kaset ɗin finafinanmu, ya je yau ya nemi waɗanda aka yi a shekarun 1990 ya ga nawa zai samu da hoto mai kyau. Waɗanda suka tsira, sun tsira ne domin wani ya ajiye kaset ɗinsa a ƙasan akwati. Da a ce izini ne kawai a kwamfutar wani kamfani da ya riga ya ruguje, da babu akwatin da za a buɗe. Tsohuwar PlayStation 2 kuwa, in dai idonta na gani, yau ka jona ta da wuta ka saka faifai za ta tashi, ba ta neman izinin kowa.

Abin da nake so bai fi ƙarfin kowa ba. A kira haya da sunanta, a yi mata farashin haya. Idan an ce saye ne, a bar mutum ya sayar, ya bayar, ya bar wa magada, domin fasahar da ta iya ɗaure gem a asusu ɗaya ta iya kwance shi ta mayar wani. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ma tana da abin dubawa a nan, tunda kuɗin 'yan ƙasa ne ke fita. Mu kuma masu saye, duk inda aka ba mu zaɓi tsakanin cikakken faifai da izini, mu san me muke zaɓa.

Washegarin zuwan yaron nan na ɗauke shi a babur muka shiga kasuwa. A wani lungu muka samu mai sayar da na hannu, kwalaye jere a cikin gilashi, wasu da tambarin farashin fam na Ingila har yanzu a manne. Muka samu gem ɗin ƙwallo na shekara 3 baya, 'yan wasa da yawa sun riga sun sauya kulob, amma ko a jikinsa. Ya juya faifan a hasken ƙofa yana duba karce, kamar yadda muke yi a da ba tare da kowa ya koya masa ba. Muka yi ciniki, na biya. Ina karɓar canji na tambayi mai shagon ko akwai na bana. Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, kayan ba sa shigowa kamar da. Kwalin da nake samun faifai 50 a ciki, yanzu in na samu 15 na gode Allah." Ɗan ƙanwata bai ji shi ba, yana can yana naɗe kwalin a baƙar ledarsa, yana lissafin abokin da zai fara ara wa bayan Sallah.